Abin da muke faɗa wa waya, muke ɓoye wa gida

Kwanakin baya 'yar yayata ta shiga wani wasa da ake yayi a Facebook. Wasan ba shi da wuya: ka jero abu ashirin game da kanka, sannan ka ambaci mutum biyar su ma su jero nasu. Ba na cikin biyar ɗin, dama wa zai ambaci kawunsa. Ina zaune a shagona a Tudun Wada, an ɗauke wuta, yaron shago ya tafi sayo man janareta, ina ta murza waya don rage lokaci, sai ga rubutun nata.

Da murmushi na fara karantawa. Ta fi son ɗanwake da mai da yaji a kan kowace irin shinkafa. Ta fi tsoron kyankyaso a kan maciji. Ba ta iya barci sai da fanka ko da hunturu ake. Daga nan murmushin ya fara gushewa. Ga ranar haihuwarta da wata da shekara. Ga cikakken sunan mahaifiyarta, har da na mahaifinmu. Ga firamaren da ta yi, ga unguwarsu da kwatancen layin, ga ranar da ta saba hawa mota a tashar Kawo idan hutu ya ƙare. Har na lalubo lambar uwarta zan kira in yi faɗa, sai idona ya sauka kan na goma sha bakwai. Ta ce ita fa ba ta son karatun jinyar da take yi, ganin jini juya mata ciki yake, tun tana firamare ɗinki take so.

Ni na cika mata fom ɗin makarantar nan da hannuna, a wannan shagon, a kan wannan kwamfutar. A ranar na tambaye ta, ko kuma dai in faɗi gaskiya, na sanar da ita, ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Kawu." Shekara biyu ke nan. Waɗanda suka yi mata sharhi a ƙasan rubutun sun haura ɗari, yawancinsu ba su taɓa ganin ta ido da ido ba, kuma duk sun riga ni sanin abin da ke ranta.

Tun ranar nake juya maganar. Abin da na gano shi ne mun sa rigar nan a bai-bai. Abubuwan da ya kamata su tsaya a cikin gida, su muke shanyawa a bakin titi, kowa ya zo wucewa ya gani. Waɗanda kuma ya kamata uwa da miji da kawu su ji daga bakinmu, su muke haɗiyewa har su zame mana ciwo. Dattawa na cewa yaran yanzu ba su da sirri, kuma sun yi gaskiya, sai dai rabin gaskiyar suka faɗa. Ragowar rabin ya shafe su, ya shafe ni.

Mu da muka tashi kafin zuwan wayar hannu mun san irin tarbiyyar da aka yi mana a kan baki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wannan karin maganar mun ji ta har ta zauna mana. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai dai Malam ko Alhaji ko maigidan. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wani lokaci ma a gaban mutane sai ta yi kamar ba ita ta haife shi ba. Mai juna biyu ba ta cewa komai sai cikin ya faɗa da kansa. Ka tambayi magidanci 'ya'yansa nawa, ya ce maka alhamdulillahi, ka tambayi Bafulatani shanunsa nawa, ya dube ka kamar ka zage shi. Mai tafiya ba ya shelanta ranar tashi, sai ya iso a ji. Sunan uwa kuwa shi aka fi tsarewa, don an yi imani shi mai sihiri ke fara tambaya idan za a yi wa mutum asiri. Kakata ta wajen uba har ta rasu ban taɓa jin sunanta na yanka a bakin kowa a gidanmu ba, sai a katin addu'ar kwana bakwai na gan shi.

Ana iya yi wa wasu daga cikin waɗannan dariya, a ce camfi ne, tsoron kambun baka ne. To amma duba inda zamani ya kawo mu. Sunan uwar nan da kakanninmu ke ɓoye wa boka, shi ne banki ke tambaya idan yana son tabbatar da cewa kai ne mai asusun. Ranar haihuwa ma haka. Ɗan damfarar da zai kira ka da murya mai sanyi ya ce daga banki yake, an kusa rufe maka asusu, ba da lambar sirri yake fara maka ba. Sai ya kira cikakken sunanka, ya faɗi ranar da aka haife ka, wataƙila har da unguwarku, hankalinka ya kwanta ka ce lallai wannan ma'aikaci ne. Sannan ya ce za a turo maka wasu lambobi, ka karanto masa. A shagona na ga dattijo da furfurarsa yana hawaye a kan wannan, kuɗin sallamar aikinsa ne suka tafi cikin minti kaɗan. Wasan abu ashirin ɗin nan, idan ka lura da kyau, kusan rabin abubuwan da ake jerawa a cikinsa irin waɗanda ke cikin fom ɗin buɗe asusu ne.

Mu a Kaduna kuma akwai abin da ya fi kuɗi. Babu wanda ya manta daren 28 ga Maris 2022, da aka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zai shigo Rigasa, aka kashe mutane, aka shige daji da sama da sittin, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Kafin nan an yi shekaru ana fargabar hanyar mota, wuraren Katari da Rijana sun zama sunayen da ake ambata da addu'a. A wannan zamanin ne kalmar infoma ta shiga bakin kowa, har yara. Da ɗan gari akan ci gari, an sani. Amma sai ga mu muna yi wa infoman aikinsa kyauta. Mutum ya ɗauki hoton tikitinsa ya ɗora a sitatus, ga rana ga lokaci ga lambar kujera. Wani ya ɗora hoton yaransa da rigar makaranta, bajen makarantar a fili, ya rubuta suna da aji. An yi sabon gida a Malali ko Unguwar Rimi, sai an zagaya da kyamara ɗaki-ɗaki, har ƙofar baya. An kawo lefe, sai an ƙirga akwatuna da sarƙoƙin gwal a gaban duniya.

A nan sai in ja birki kaɗan, don na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Manomin da aka ɗauke a gonarsa a Birnin Gwari ko Giwa bai taɓa buɗe Facebook ba. Ɗaliban da aka kwasa a Kuriga a watan Maris 2024 ba wani hoto suka ɗora ba. Duk wanda ya ce sakin baki a waya shi ya jawo mana garkuwa da mutane, ya ɗauke laifi daga kan masu bindiga da waɗanda aka ɗora wa amanar tsaro ya jibga wa wanda aka zalunta. Ban yarda da wannan ba. Iyakar abin da nake cewa, wanda ke zaune a unguwar da ake sata ba ya barin ƙofa a buɗe don wai ɓarayi na iya haura katanga.

Kuma ba duka ne muke bayarwa da son ranmu ba. Tun 2014 da Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN aka ɗauki zanen yatsunmu da hoton fuskarmu. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN ko a rufe masa, mun ga irin layin da aka yi ta bi tun asuba. Yanzu kusan babu abin da za ka nema, aiki ne ko tallafi ko gurbin karatu, da ba za a ce ka kawo kwafin takardar nan ba. To ina kwafin ke zuwa bayan an gama da shi? Wannan sana'ata ce, don haka bari in tona wa kaina asiri. Shekarun baya duk takardar da ta fito ba kyau, tawada ta yi yawa ko ta karkace, a kwali muke tarawa, idan ya cika wani yaro ya zo ya saya. Wata safiya na sayi ƙosai a bakin layinmu, ina warware takardar sai ga fuskar wata mata da na yi wa fotokwafi, ga sunanta, ga lambobin nan goma sha ɗaya, mai ya jiƙa rabinsu amma ana iya karantawa. Daga ranar nake ƙona su da kaina duk yamma. Shaguna irin nawa nawa ne daga nan zuwa Kasuwar Barci, zuwa Kakuri, zuwa Sabon Tasha? Ofisoshin da ke karɓar takardun fa, a wane kwali suke tara nasu?

Doka dai akwai ta. A watan Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar da za ta kula da ita. A watan Yuli 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Ita wannan hukumar ce ta kai samame ofisoshin wasu manhajojin bayar da bashi a Legas a 2022. Waɗannan manhajojin mun san su sarai. Matashi ya karɓi dubu goma ko ashirin, ya danna "na yarda" ba tare da ya karanta komai ba, su kuma su kwashe duk lambobin da ke wayarsa. Ranar da ya makara da biya sai saƙo ya isa wurin surukinsa da limamin unguwarsu da shugabansa a wurin aiki, wai wane ɓarawo ne ana nemansa. Ni ma an taɓa turo mini irinsa a kan wani maƙwabcina, ban iya haɗa ido da shi ba har mako guda, alhali ba ni na ci bashin ba. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan da ke cikin waya. Madalla. Sai dai duk waɗannan dokoki da Turanci suke, a Abuja suke, kuma matar da fuskarta ta naɗe mini ƙosai ba ta san tana da wani haƙƙi da aka taka ba.

Wannan duk ɓangaren da ke da sauƙin faɗa ne, kowane mai wa'azi da kowane ɗan jarida ya faɗe shi. Na goma sha bakwai ɗin nan ne ya hana ni barci.

Me ya sa yarinya za ta iya gaya wa mutum ɗari abin da ta kasa gaya wa uwarta? Don waya ba ta harara. Waya ba ta cewa "rufe mana baki, ke har kin san abin da kike so?" Kunyar da muke alfahari da ita, wadda ta tsare mana sunan uwa da ranar tafiya, ita ce dai ta hana mu cewa wannan nake so, wancan ba na so. Dubi gaisuwarmu kawai. Ina gajiya? Ba gajiya, ko da mutum ya wuni yana dakon siminti. Yaya jiki? Da sauƙi, ko da gobe za a yi jana'izarsa. A gaisuwa wannan ado ne, kuma ina son sa. Matsalar ita ce mun shigo da shi har cikin ɗaki, inda ya kamata a ajiye ado a faɗi gaskiya. Magidanci bashi ya yi masa katutu, matarsa ba ta sani ba sai ranar da masu bin bashi suka yi sallama a zauren makoki. Mace ta ji ƙullutu a ƙirjinta ta yi shiru wata takwas saboda nauyin baki, sai abin ya ci ƙarfinta a kwashe ta zuwa asibiti, likita ya ce ina kuke tuntuni. Saurayi da budurwa su shekara biyu suna hira a waya har tsakar dare, ya san launin da ta fi so, ta san ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, amma ba wanda ya taɓa tambayar wani jinotayif, wato nau'in jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da gadon sikila. Alhali lissafin a fili yake: idan dukansu AS ne, wato kowannensu na ɗauke da gadon ciwon ko da ba ya fama da shi, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti kusa da gadon yaron da ciwon ya tasar wa ba ya bukatar a yi masa bayani. Coci-coci da yawa a garin nan sun daɗe ba sa ɗaura aure sai da takardar gwaji, masallatai ma da dama sun bi, a Kano kuwa doka aka yi a 2024. Wato sai da hukuma ta shiga tsakani kafin mutum biyu da za su haɗa shimfiɗa su gaya wa juna abu guda game da jininsu.

Wasu na jingina shirun nan ga addini, ni kuma ban ga haka a abin da aka karantar da ni ba. Gaskiya ne Annabi Yakubu ya ce wa ɗansa Yusuf kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, kuma wannan ita ce hujjar duk mai cewa a kama baki. Amma a lura, Yusuf ya gaya wa mahaifinsa. Akwai wanda aka faɗa wa, akwai waɗanda aka ɓoye wa, kuma uban ya saurara har ƙarshe kafin ya ba da shawara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbansa sun san yana son zuma da kayan zaƙi, Anas ya gan shi yana bin kabewa a gefen akushi. Da aka kawo masa naman damo ya janye hannunsa, aka tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid bin Walid ya jawo ya ci a gabansa. Manzon Allah ya kuma taɓa gaya wa Nana A'isha cewa yana gane lokacin da take jin daɗinsa da lokacin da take fushi da shi, daga yadda take rantsuwa. Gidan da ake faɗin abin da rai ke so ke nan, kuma ake lura da wanda bai faɗa ba. Mu kuwa mun riƙe cewa shirun budurwa yardarta ce, mun shimfiɗa shi a kan komai: zaɓin miji, zaɓin karatu, zaɓin sana'a, har abincin da za a ci. Mun manta shirun da ake nufi na wadda aka tambaya da gaske ne, wadda ta san idan ta ce a'a za a ji.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa a ƙwace wayoyin yaran nan a huta. Ka ƙwace wayar, bakin da ya rufe a gida ba zai buɗe ba, sai dai ka toshe 'yar tagar da yake shan iska. Na ga matan da suka fara gane cewa baƙin cikin da ya rufe su bayan haihuwa ciwo ne mai magani, ba aljanu ba, saboda wata ta daure ta ba da labarin nata a fili. Na ga masu sikila sun haɗa zaure a WhatsApp suna gaya wa juna inda ake samun jini da magani. Wannan ma bayyana sirri ne, kuma ya ceci rai. Yarinyar da ta ce duniya ta ji tana son ɗanwake ba ta cuci kowa ba. Wadda ta rubuta layin gidansu da ranar tafiyarta ita ce ke bukatar a zaunar da ita, kuma mai zaunar da itan sai ya kasance wanda ta saba jin ya tambaye ta wani abu ban da "kin yi salla?" da "ina sakamakon jarrabawa?"

Ban kira yayata a waya ba a ƙarshe. Ranar Juma'a bayan an sauko na hau Keke Napep na tafi gidan Inna a Unguwar Sanusi, don na san can zan same su duka. Na tsaya a hanya na sayi kifi banda, kamar yadda mahaifinmu ya saba kawowa duk Juma'a har Allah ya karɓi ransa, ni kuma na ɗora daga inda ya tsaya. Na sa yarinyar ta goge ranar haihuwa da sunan uwa da kwatancen gida a gabana, ta goge ba musu. Sannan na ce, "Na goma sha bakwai fa?" Ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa. Yaya ta ce, "Wane ne kuma na goma sha bakwai?" Na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana karanta layi biyun nan, sannan ta ce, "Amma ke da bakinki kika ce to."

Maganar ba ta ƙare a ranar ba, har yanzu ma ba ta ƙare ba. Uban yarinyar na ganin shekara biyu da kuɗin da aka kashe ba abin zubarwa ba ne, kuma ban ce ya yi kuskure ba. An dai tsaya a kan za ta ƙarasa, ni kuma zan saya mata keken ɗinki ta riƙa zuwa wurin wata tela a layinsu idan an yi hutu.

Inna na gefe a kan tabarma duk wannan lokacin, tana jan carbi, kamar ba ta ji. Da zan tafi na tura mata ledar kifin gabanta, sai abin ya zo mini a baki, na ce, "Inna, ke fa, me kika fi so in riƙa kawo miki?" Ta yi dariya har da rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Kai dai Allah ya yi maka albarka, duk abin da ka kawo." Na ce a'a, yau sai ta faɗa. Ta ɗan yi jim, ta dubi ledar, ta ce, "To in dai don ni ne, ka daina wahalar da kanka da kifin nan. Ni ƙarninsa ban taɓa so ba. Malam ne mai so, jikokin nan nake ba wa." Na ce shekara arba'in da wani abu, Inna? Ta ce, "Wa ya tambaye ni?" Sannan ta ce in na samu gurasa mai ƙuli-ƙuli irin ta Kano, ita ce dai.